Tsakanin "Da" da "Ko": Yadda Koko Ya Gina Kwaddebuwa, Takarda Ta Raba Ta

Duk wanda ya taɓa kwana a Abijan ya san garba. Abinci ne: aceke, wato garin rogon da aka turara ya yi warwar kamar burabusko, a ɗora masa yankan soyayyen kifin teku, a yayyanka ɗanyen barkono da albasa, a tsiyaya ɗan man suyar a kai. A Yopougon ko Adjame ko Treichville, tun da hantsi za ka ga ɗalibai da leburori da 'yan kamasho sun taru a bakin rumfar kwano, kowa ya soki yankan kifin da yake so da cokali mai yatsu, ya wanke hannu, ya nemi wuri a benci. Mutanen ƙasar suna taƙama da shi kamar yadda Bakano yake taƙama da gurasa. Sunan kuwa namu ne. Abin da aka fi faɗa shi ne mutanen Nijar ne suka shahara da wannan sana'a, kuma da yake Garba ya yi yawa a cikinsu, sai sunan ya bi abincin.

Ƙasar da ta raɗa wa abincinta sunan baƙo ita ce kuma ta kwashe kusan shekara ashirin tana gardama, har da zub da jini, a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A watan Yulin 2000 gardamar ta taru a kan kalma ɗaya tak a cikin sabon kundin tsarin mulki. Shin mai neman shugabancin ƙasa sai uwarsa "da" ubansa sun kasance 'yan asalin Kwaddebuwa, ko ya isa a ce uwarsa "ko" ubansa? Jaridu suka rabu, malaman jami'a suka rabu, har a mashaya da tashar mota ana tambayar mutum shi ɗan "da" ne ko ɗan "ko". Saura 'yan kwanaki a yi ƙuri'ar raba gardama, shugaban mulkin soja Janar Robert Guei ya sa aka goge "ko" aka rubuta "da". Bayan shekara biyu ƙasar ta dare gida biyu.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kai ga wannan kalma sai an bi ta gonar koko, an bi ta kasuwannin Landan da New York inda ake yanka masa farashi.

Kurmi a kudu, hannu a arewa

Kokon da ake magana a nan ba wanda muke sha da ƙosai ba ne. Itace ne ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ake yin cakulan da ƙwayarsa. Yana son inuwa da ruwan sama da sabuwar ƙasar kurmi wadda ba a taɓa nomawa ba, yana kuma cin aiki. Sai an sare daji da adda da gatari, an dasa, an jira shekara huɗu ko biyar kafin ya fara 'ya'ya. In kaka ta yi, a tsinko 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya daga jikin itacen, a fasa, a kwashe ƙwayar da hannu, a lulluɓe ta da ganyen ayaba wajen mako guda ta ruɓa ta yi ƙamshi, sannan a shanya. Babu injin da yake yin wannan, har gobe hannu ne.

Faransawa suka duba suka ga kudancin ƙasar akwai kurmi amma babu hannu, ƙasar Mosi kuwa can arewa akwai jama'a birjik. Sai suka ɗauki hanya mafi sauƙi, suka goge iyaka. A 1932 suka rushe yankin mulkin Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, suka haɗe mafi yawansa da Kwaddebuwa, ragowar suka raba wa Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali. Haka aka zauna har 1947. Ke nan yaron da aka haifa a Wagadugu ko Bobo-Dioulasso a 1940, a takardar Bature a Kwaddebuwa aka haife shi. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Jirgin ƙasan da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar, wanda bai taɓa isa Nijar ɗin ba, ya kai Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, kuma babban kayan da yake saukowa da su kudu mutane ne, da farko 'yan aikin tilas, daga baya 'yan ci-rani.

Mutumin da ya karya aikin tilas shi ne Felix Houphouet-Boigny, ɗan ƙabilar Baule daga Yamoussoukro, malamin asibiti kuma babban manomin koko. A 1944 ya kafa ƙungiyar manoma baƙar fata, domin Turawa masu gandu sun kankane leburori da farashi mai kyau. Aka zaɓe shi majalisar Faransa, a Afrilun 1946 kuma aka zartar da dokar haramta aikin tilas a duk ƙasashen rainon Faransa, dokar da har yau sunansa take ɗauke da shi. Da ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 7 ga Agustan 1960, shi ya hau mulki, bai sauka ba sai da ajali ya sauke shi.

Siyasarsa a kan baƙi a fili take: ƙasar noma ta wanda ya raya ta ce. Ƙofa a buɗe. Mosawa daga Haute-Volta, Bambara daga Mali, mutanen Gine, Hausawa da Zabarmawa daga Nijar, Yarabawa daga Najeriya, 'yan kasuwar Labanan, kowa ya zo. A cikin gida ma aka yi ƙaura mai yawa: Baule daga tsakiya, Senufo da Malinke daga arewa, duk suka kwarara kurmin yamma, ƙasar Bete da Gere da Kru. Yadda ake yi, baƙo zai je wurin dattijon gari da kwalbar giya ko ɗan kuɗi da kaza, dattijo ya shiga daji da shi ya nuna masa daga wancan itace zuwa wancan rafi. Daga ranar ya zama maigidansa. Duk kaka baƙo zai kai masa alheri, in an yi rasuwa a gidansa ya kai gudummawa. Wani kuma ya fara da aikin kashi uku, ya kula da gonar wani, mai gona ya ɗauki biyu shi ya ɗauki ɗaya, har ya tara abin yanka tasa. Yawancin wannan ciniki da baki aka yi shi, ko a ɗan guntun takarda marar hatimi. A wurin mai gari aro ya bayar. A wurin baƙon da ya sare dajin da hannunsa, ya binne iyayensa a can, saye ya yi. Muddin akwai sauran kurmi kuma kuɗi na shigowa, babu wanda ya matsa a fayyace.

Kuɗi kuwa sun shigo. Kusan shekara ashirin tattalin arzikin ƙasar yana ƙaruwa da wajen kashi bakwai cikin ɗari a shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ta shige gaban Ghana ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Hukumar daidaita farashi, wadda ake kira Caistab, ita ke yanka wa manomi farashi a farkon kaka, ta sayar a waje, rarar ta shiga aljihun gwamnati. Da wannan rara aka gina dogayen benayen unguwar Plateau, aka shimfiɗa kwalta, aka biya malamai, aka kuma toshe bakin duk wani mai ƙorafi. Baƙi 'yan Afirka har ƙuri'a suke jefawa a zaɓe, ga jam'iyya ɗaya tilo, PDCI ta Houphouet, wanda ake kira Tsoho.

Kada a ɗauka babu tsaki tun a lokacin. A Oktoban 1958 an yi bore a Abijan aka kori dubban 'yan Dahomey, wato Benin ta yau, da Togo saboda sun cika ofisoshi. A tsakiyar shekarun 1960 Houphouet ya kawo shawarar a ba mutanen Nijar da Haute-Volta da Dahomey damar zama 'yan ƙasa biyu, 'yan bokon jam'iyyarsa suka ƙi ƙememe, dole ya janye a 1966. Manomi yana son baƙo domin yana buƙatar hannu. Ɗan boko yana tsoronsa domin kujerar ofis ƙidayayya ce.

Da farashi ya faɗi

Bayan 1977 farashin koko ya kama gangara. Brazil da Malesiya da Indunusiya sun dasa nasu, kasuwa ta cika ta batse. Gwamnati kuma ta riga ta ciwo bashi mai yawa da zaton kullum safiya ce. A Mayun 1987 ta ce ba za ta iya ci gaba da biyan bashin waje ba. Sai Tsoho ya hana sayar da kokon ƙasar, da tunanin in babu nasa dole 'yan kasuwar Landan su zo su durƙusa. Wajen shekara ɗaya da rabi buhuna suna jibge a ɗakunan ajiya na Abijan da San Pedro. Kamfanonin cakulan suka ci daga rumbunsu, suka sayi na wasu, farashi ya ƙi motsi. A 1989 ya sallama. Aka rage kuɗin kilo ɗaya a hannun manomi daga sefa 400 zuwa 200, wato daga dala tamanin zuwa dala arba'in a ƙidayar mutanen Nijar. A daidai wannan lokaci ake kammala katafariyar majami'ar Yamoussoukro da marmarar Italiya, wadda aka ƙiyasta ta ci dalar Amurka wajen miliyan 300, Fafaroma John Paul na Biyu ya zo ya buɗe ta a Satumban 1990. Talaka yana da ido.

Bankin Duniya da asusun IMF suka zo da sharuɗɗan da muka sani a nan gida: a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a janye tallafi. Samarin da iyayensu suka ba baƙi daji don su biya musu kuɗin makaranta suka gama karatu, suka rasa aiki a Abijan, aka ce su koma gona. Da suka koma ƙauye sai suka tarar kurmi ya ƙare, gonakin kakanninsu kuma suna hannun Baule da Mosawa da Jula, wato 'yan arewa, sun yi 'ya'ya jingim. A nan, a ganina, aka haifi rikicin Kwaddebuwa, tun kafin wani ɗan siyasa ya raɗa masa suna.

A 1990 zanga-zanga ta tilasta wa Houphouet barin jam'iyyu da yawa. Laurent Gbagbo, malamin tarihi ɗan ƙabilar Bete, ya kara da shi ya sha kaye, magoya bayansa suka ce da ƙuri'ar baƙi aka kayar da su, har suna kiran baƙin dabbobin zaɓe. A Nuwamban wannan shekara Tsoho ya naɗa gwamnan babban bankin ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, tsohon ma'aikacin IMF, Alassane Ouattara, firayim minista don ya gyara asusu. Abin da tarihi bai manta ba, a zamanin gwamnatin Ouattara aka fara tilasta wa baƙi yankan katin zama, ana karɓar kuɗi duk shekara don cike giɓin baitulmali. Katin nan shi ya ba ɗan sanda da jandarma lasisin tsayar da mutum a hanya su tambaye shi asalinsa. Bai san wa yake wasa wa wuƙa ba.

Houphouet ya rasu ranar 7 ga Disamban 1993. Kakakin majalisa Henri Konan Bedie ya riga kowa zuwa gidan talabijin ya ce tsarin mulki shi ya ba gado, Ouattara ya sauka ya koma IMF a Washington. Ba a yi arba'in ba, a Janairun 1994, aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi. Da ma tun Tsoho yana raye Faransa da IMF suke so, kwarjininsa ya hana.

Kalma ta zama makami

Bedie ya gaji kujera amma bai gaji kuɗin rabawa ba, bai kuma gaji farin jinin maigidansa ba. Abin da ya samu ya riƙe shi ne kalmar ivoirite, wato zama ɗan Kwaddebuwa na asali. Wasu malaman jami'a suka yi mata ado, suka ce al'ada ce kawai da kishin ƙasa. Amma a Disamban 1994 aka yi sabuwar dokar zaɓe: baƙi sun daina ƙuri'a, mai neman shugabanci kuma sai uwarsa da ubansa duk haifaffun 'yan ƙasa ne, sai kuma ya zauna a ƙasar shekara biyar a jere. Kowa ya san wa aka auna aka ɗinka wa wannan riga.

An haifi Ouattara a Dimbokro, a tsakiyar Kwaddebuwa, a 1942. Zuriyarsu tana danganta kanta da sarakunan Kong, tsohon birnin malamai da fatake a arewacin ƙasar wanda sarkin yaƙi Samori ya rusa a 1897. Amma mahaifinsa ya yi sarauta a Sindou, cikin Burkina ta yau, shi ma a can ya yi makaranta, ya kuma taɓa riƙe muƙami da takardun Haute-Volta. Abokan hamayya suka ce shi ke nan, ɗan Burkina ne. Ga mutumin da aka haifa a shekarun da Bature ya goge iyakar da ake tuhumarsa da tsallakawa, ana tambayarsa wane gefe iyayensa suke. A 1999 wani matashin alƙali a Dimbokro ya ba shi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, gwamnati ta sa aka soke ta, aka kuma ba da sammacin kama shi. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Chadi aka ce ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. A Zambiya kuwa, Kenneth Kaunda da ya mulki ƙasar shekara 27 aka ce masa ɗan Malawi ne a 1996.

Da abin ya tsaya kan Ouattara shi kaɗai, da da sauƙi. Matsalar ita ce sunayen arewacin ƙasar, Ouattara da Coulibaly da Traore da Kone, su ne sunayen kudancin Mali da Burkina, addini ɗaya, babbar riga iri ɗaya, harshen kasuwa ɗaya. A bakin shingen bincike duk Jula ne. Motar haya za ta tsaya, jandarma ya karɓi katuna ya tafi da su gindin itace. Mai suna Kouassi ko Konan a miƙa masa nasa. Mai suna Bakary ko Siaka a ce ya sauko, ina takardar haihuwar ubanka, ina ta uwarka, a ƙasar da dubban ƙauyuka ba su san rajistar haihuwa ba. Wani ya ba da na goro ya wuce, wani a yaga katinsa a gabansa a ce na jabu ne. Wanda ba shi da kati ba zai yi jarrabawa ba, ba zai sami aikin gwamnati ba, ba zai yi zaɓe ba.

Ƙidayar 1998 ta nuna mutum miliyan 15 da 'yan kai, kashi 26 cikin ɗari baƙi ne, fiye da rabinsu 'yan Burkina. Abin da ba a cika faɗa ba, kusan rabin waɗannan baƙi a Kwaddebuwa aka haife su, ba su san wani gida ba. A Disamban wannan shekara aka yi dokar filaye da ta ce ɗan ƙasa kaɗai zai mallaki ƙasar noma. A Nuwamban 1999, a yankin Tabou kusa da iyakar Laberiya, rigimar gona tsakanin Kru da 'yan Burkina ta sa aka kori fiye da mutum dubu goma. A wannan shekarar ce kuma aka rushe Caistab bisa matsin Bankin Duniya, manomi ya koma fuskantar manyan kamfanoni irin su Cargill da ADM da Barry Callebaut ba tare da garkuwa ba, farashi kuma yana ƙasa.

A jajiberin Kirsimeti na 1999 sojoji suka kifar da Bedie. Janar Guei ya ce shara ya zo yi ya tafi. Da ya ɗanɗani kujera sai ya ga amfanin "da". Kotun ƙoli ta cire mutum 14 daga cikin 19 da suka nemi tsayawa, har da Ouattara, har da shi kansa Bedie bisa wani dalili na takardu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Aka yi zaɓe ranar 22 ga Oktoban 2000, Guei ya ce shi ya ci, jama'a suka fito titi suka kore shi, Gbagbo ya hau. Magoya bayan Ouattara suka fito suna neman a sake zaɓe da kowa da kowa. Ranar 27 ga wata aka tsinci gawa 57 a jibge a bayan unguwar Yopougon, yawancinsu 'yan arewa.

Ƙasa ɗaya, gwamnati biyu

Daren 19 ga Satumban 2002 wasu sojoji, da yawansu sun yi zaman gudun hijira a Wagadugu, suka kai hari Abijan da Bouake da Korhogo a lokaci guda. Abijan ta gagare su, amma suka riƙe rabin ƙasar na arewa. A ranar aka kashe Guei da ministan cikin gida Emile Boga Doudou. Da 'yan jarida suka tambayi 'yan tawayen abin da suke nema, amsar da ta fi yawa a bakinsu ita ce katin shaida. A Abijan jami'an tsaro suka bi unguwannin marasa galihu inda baƙi suka fi yawa suna ƙonawa.

Nan take rikicin gida ya zama na duniya. Gwamnatin Gbagbo ta ɗora laifin a kan Blaise Compaore na Burkina. Mayaƙan Laberiya suka tsallako yamma, wasu a wannan gefe wasu a wancan. Jirgin ƙasa ya tsaya, 'yan kasuwar Mali da Burkina da Nijar suka karkata kayansu zuwa Tema da Lome da Kwatano. Bankin Raya Afirka ya kwashe ya koma Tunis a 2003, bai dawo ba sai 2014. Faransa, wadda take da sansanin soja a Port-Bouet da dubban 'yan ƙasarta da kamfanoni masu riƙe da wuta da ruwa da tashar jiragen ruwa, ta jibge dakaru a tsakiya. Gbagbo ya ce ta hana shi murƙushe 'yan tawaye, 'yan tawaye suka ce ta hana su shiga Abijan, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. A Janairun 2003 ta tara 'yan siyasar ƙasar a wani sansanin 'yan wasa a Marcoussis kusa da Paris, aka sa hannu kan raba mulki. Matasa magoya bayan Gbagbo, ƙarƙashin Charles Ble Goude, suka cika titi suna cewa mulkin mallaka ya dawo. Da haka Gbagbo ya sauya wa yaƙin riga, daga rigimar asali zuwa yaƙin neman 'yanci na biyu, kuma wannan ya saye masa zukata da yawa a Afirka.

Ranar 6 ga Nuwamban 2004 jiragen yaƙin gwamnati suka jefa bama-bamai a sansanin Faransawa a Bouake, sojoji tara da wani Ba'amurke suka mutu. Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarni, cikin sa'o'i aka ragargaza kusan duk jiragen yaƙin Kwaddebuwa a ƙasa. Abijan ta kama da wuta. Sojojin Faransa suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a gaban otal ɗin Ivoire, aka kwashe dubban Turawa daga ƙasar. Duk wannan hargitsi, koko bai daina fita ba. Gwamnati tana sayen makamai da harajinsa, 'yan tawaye suna karɓar nasu a kan wanda ake fitarwa ta arewa zuwa Lome. Mai shan cakulan a Turai bai rasa ko ƙwaya ɗaya ba.

Shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya shiga tsakani, har a 2005 Gbagbo ya yarda Ouattara ya tsaya takara. A Oktoban shekarar, bayan 'yan ƙwallon ƙasar sun ci Sudan sun sami gurbin gasar cin kofin duniya karon farko, Didier Drogba da abokan wasansa, 'yan kudu da 'yan arewa, suka durƙusa a gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. A Maris na 2007 aka yi sulhu a Wagadugu a hannun Compaore ɗin da ake zargi, madugun 'yan tawaye Guillaume Soro ya zama firayim minista. Babban aikin da aka sa a gaba shi ne alƙalai su bi ƙauyuka suna zama a gindin itace, suna sauraron shaidu, suna ba mutane takardar haihuwa. Gbagbo da kansa ya soke katin zaman nan na baƙi ga 'yan ƙasashen ECOWAS.

Sau da yawa ana ɗage zaɓe, sai a 2010 aka yi. A zagaye na biyu, ranar 28 ga Nuwamba, Bedie mai ivoirite shi ne ya ce magoya bayansa su zaɓi Ouattara. Hukumar zaɓe ta ce Ouattara ya sami kashi 54. Majalisar tsarin mulki, wadda na hannun daman Gbagbo yake shugabanta, ta soke ƙuri'un yankuna bakwai na arewa ta ce Gbagbo ya ci da kashi 51. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Choi Young-jin, ya tabbatar da na farko. Mutum biyu suka yi rantsuwa rana ɗaya. ECOWAS, lokacin Goodluck Jonathan ne shugabanta, ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Babban bankin sefa da ke Dakar ya rufe wa Gbagbo asusu, Tarayyar Turai ta hana jiragenta shiga Abijan da San Pedro, Ouattara daga otal ɗin Golf inda dakarun Majalisar suke gadinsa ya ce a dakatar da fitar da koko. Wannan karon kamfanoni suka bi, farashi ya yi tashin da bai yi ba cikin shekara talatin. Makamin da ya gagari Houphouet ya yi wa Ouattara aiki, domin shi manyan ƙasashe suna bayansa.

Mutum wajen dubu uku suka mutu cikin wata biyar. A Abijan 'yan bangar Gbagbo suna tare 'yan arewa da 'yan Mali da Burkina da Nijar da Najeriya a shingaye, wasu a ƙona su da rai. A Duekoue, a ƙarshen Maris na 2011, mayaƙan da ke goyon bayan Ouattara suka kashe ɗaruruwan 'yan ƙabilar Gere, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce aƙalla 800. Ranar 11 ga Afrilu, bayan jiragen Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi luguden wuta a gidan shugaban ƙasa, aka fito da Gbagbo daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da 'yar shara a jikinsa. Aka kai shi kotun duniya a Hague, ta sallame shi a 2019, ya koma gida a 2021. Daga ɓangaren da ya yi nasara kuwa, kotun ba ta gurfanar da ko mutum ɗaya ba, kuma wannan tabo ne da ba zai gogu ba.

A kundin tsarin mulkin 2016 aka mayar da "ko". Har yanzu ƙasar ce take ba duniya kusan kashi 40 cikin ɗari na kokonta, har yanzu a Landan da New York ake yanka farashi, mafi yawan kurmin ya tafi, mafi yawan gonakin kuma ba su da takarda. A Fabrairun 2025 Faransa ta miƙa sansanin Port-Bouet.

A Afrilun 2025 wata kotu a Abijan ta cire sunan Tidjane Thiam daga rajistar masu zaɓe. Thiam tsohon shugaban bankin Credit Suisse ne, haifaffen Abijan, mahaifiyarsa daga gidan Houphouet ta fito, shi ne kuma ya gaji Bedie a shugabancin PDCI, jam'iyyar da ta haifi ivoirite. Hujjar kotu ita ce wani sashe na dokar 1961 da ya ce duk wanda ya karɓi takardar wata ƙasa ya rasa ta Kwaddebuwa, shi kuma ya karɓi ta Faransa a 1987. A Oktoba aka yi zaɓe babu shi, babu Gbagbo. Alassane Ouattara, mai shekara 83, ya ci wa'adi na huɗu da kusan kashi 90 cikin ɗari.